Kundin aikin ƙera injin tafiya mai motsa hannu da ƙafa a Zariya

12 ga Oktoba, 2024

Manufar wannan aiki ita ce a ƙera injin motsa jiki wanda mutum zai yi tafiya a kansa a wuri ɗaya, ƙafafunsa suna tura bel zuwa baya, hannuwansa kuma suna jan sanduna biyu masu nauyi, ba tare da an jona shi da lantarki ba. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne kowane ɓangare ya zama abin da ake samu a Sabon Gari ko wurin masu gyaran keke da babur, ta yadda duk ranar da wani abu ya lalace, maiwalda ko bakanike na unguwa zai iya gyara shi. Waɗanda nake tunani a kansu su ne masu ciwon suga da hawan jini da likita ya umarta su riƙa tafiya, musamman dattawa da matan aure waɗanda fita titi da sassafe ba ta yi musu sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yin aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, don haka injin ya zama wanda za a iya yin rabin sa'a a kansa ba tare da an galabaita ba.

Haɗa hannu da ƙafa a inji ɗaya ba sabon abu ba ne. Edward Pauls ya ƙera NordicTrack, injin motsa jiki mai kwaikwayon zamiya a kan dusar ƙanƙara, a jihar Minesota ta Amurka a 1975, kamfanin Schwinn ya fito da keken Airdyne mai fanka da sandunan hannu a 1978, sannan Precor ya kawo injin da ƙafa ke zagaya a kansa kamar siffar ƙwai a 1995. Sai dai a keke da injin Precor akwai hannun juyi, irin wanda fedar keke ke ɗaure a kai, wanda kowane zagayensa ɗaya yake daidai da taku biyu, saboda haka sandar hannu tana da inda za ta ɗauki lokacinta. Bel ba shi da wannan, domin tafiya kawai yake yi, bai san lokacin da ƙafar dama ta sauka ko ta hagu ta tashi ba. A tafiyar ɗan Adam kuwa hannun dama yana gaba ne lokacin da ƙafar hagu take gaba. Tambayar da aikin ya rataya a kanta ke nan: wa zai ƙayyade lokacin motsin hannu, injin ko mai tafiya? Na tsara a gwada hanyoyin biyu a kan firam ɗaya, a fara da wadda injin ke ƙayyadewa, tunda ita ce mafi sauƙin haɗawa.

26 ga Oktoba, 2024

An kammala firam. Fayif ne mai kusurwa huɗu, milimita 50 a kowane gefe da kaurin milimita 2, wurin takawa kuma yana da tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 45. Don tafiya aka yi shi ba don gudu ba, kuma wannan ya rage nauyin ƙarfen da ake buƙata sosai, domin mai tafiya yana danna ƙasa da ƙarfin da ya ɗara nauyin jikinsa kaɗan, mai gudu kuwa yakan kai ninki biyu zuwa uku.

Maiwaldan da nake aiki da shi a Muciya bai yarda ya zuba walda a kusurwa ɗaya har ya gama ba. Ɗigo ya fara yi a kusurwoyi huɗun, ya ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren, da ya ga bambancin milimita 4 sai ya ɗaga firam ɗin ya buga kusurwa ɗaya a ƙasa ya sake aunawa. "Injiniya, in firam ya karkace, bel ɗinka ba zai taɓa zama a tsakiya ba, ko ka kwana kana ɗaure noti," in ji shi. Sai da awon biyu suka zo daidai sannan ya cika waldar, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya ja ƙarfen.

9 ga Nuwamba, 2024

Injin da ba shi da motar lantarki mai jan bel yana dogara ne da gangara. Bel zai zame a ƙarƙashin mutum da kansa idan gangarar ta rinjayi gugar da ke tsakanin bel da gadon da yake kwance a kai, don haka kafin a yanke shawarar irin gadon sai an san girman wannan guga. Awon da muka yi bai buƙaci ɗakin gwaji ba. Mun shimfiɗa guntun bel a kan katako mai sulɓi, muka aza buhun siminti mai kilo 50 a kai, muka huda bakin bel ɗin muka saƙala ƙugiyar ma'aunin rataye irin na masu sayar da hatsi, sannan yaron shago ya riƙa ja a hankali ina duban allurar. Ta yi tsalle lokacin da buhun ya fara motsi, daga nan ta dawo ta zauna a wajen kilo 10. Ke nan gugar ta kai kashi 20 cikin 100 na nauyin da ke kai, kuma sai gadon ya yi gangarar kashi 20 cikin 100, wato kusan digiri 11, kafin bel ya tafi da kansa.

Wannan gangara ta yi yawa ƙwarai ga waɗanda ake yi wa injin. A gwajin zuciya da likita Robert Bruce na Jami'ar Washinton ya wallafa a 1963, wanda asibitoci ke amfani da shi har yau, ana farawa ne da gangarar kashi 10 a saurin kilomita 2.7 a sa'a, ana ƙara kashi 2 bayan kowane minti uku, kuma ba a kai kashi 20 sai a mataki na shida, inda masu ƙoshin lafiya ma da yawa sun riga sun sauka. Idan aka lissafa da mutum mai kilo 80 yana tafiyar kilomita 3 a sa'a, gugar kaɗai tana cinye kusan wat 130 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin aiki). Hannuwa ba za su cike wannan giɓi ba, domin jan da ya kai nauyin kilo 4 a kowace sanda, a tazarar kusan rabin mita, bai wuce wat 30 ba.

Mun sake awon a kan jerin ƙananan ganguna da muka yi da fayif mai faɗin milimita 25, kowace da boris mai lamba 608 a bakinta biyu, sai allurar ta tsaya a wajen kilo 3. Da haka buƙatar ta sauko zuwa kusan wat 40, gangarar kashi 5 tana bayar da wat 33 daga ciki, hannuwa kuma suna cike sauran tare da abin da ke salwanta a lanƙwasar bel da sarƙa. Kuɗinsa ya fi na katako nesa ba kusa ba, tunda ganguna 40 ake buƙata a tazarar milimita 30, boris 80 ke nan. Hanyar da ta fi wannan ita ce ta kamfanin Woodway, wanda ya samo asali daga Jamus, inda wurin takawar faranti ne a jere masu gudu a kan boris, amma irin daidaiton da take buƙata ya fi ƙarfin kayan aikin da muke da su. An tsaya a kan ganguna.

30 ga Nuwamba, 2024

Mai injin fiƙar ƙarfe ya kawo gangar gaba da ta baya, kowace mai faɗin milimita 60, a kan sandar juyi mai milimita 20 da ke zaune cikin boris mai gida, lamba UCP204. Na roƙe shi ya bar tsakiyar gangar baya ta ɗan fi bakinta kauri da kamar rabin milimita, saboda bel yana neman hawa inda ganga ta fi tudu, kuma wannan ɗan tudu ne ke riƙe shi a tsakiya. Kewayen gangar milimita 188 ne, don haka a tafiyar kilomita 5 a sa'a tana juyi kusan 442 a minti, a kilomita 3 kuma kusan 265.

Faifan nauyi an yanko shi daga farantin ƙarfe a Panteka ta Kaduna, faɗinsa milimita 300, kaurinsa 20, nauyinsa kilo 11 da ɗoriya, kuma an ɗaura shi kai tsaye a sandar gangar gaba. Aikinsa shi ne ya ci gaba da jan bel a ɗan tsakanin da ƙafa ɗaya ta gama turawa ɗayar ba ta karɓa ba. Saboda gangar ƙarama ce faifan kuma babba, bel yana jin sa kamar nauyin kilo 139 ne ke tafiya tare da shi. Wannan ya sa tafiyar ta yi laushi, amma ya haifar da wani nauyi a kanmu: abin da ke da wuyar tayarwa yana da wuyar tsayarwa, kuma idan mai tafiya ya yi tuntuɓe faifan ba zai jira shi ba. Batun birki ya shiga jerin abubuwan da dole a gama kafin injin ya shiga gidan kowa.

14 ga Disamba, 2024

An haɗa hanya ta farko. A tafiyar taku 110 a minti hannu yana zuwa ya dawo sau 55, ganga kuwa a kilomita 5 a sa'a tana juyi 442, don haka ana buƙatar a rage saurin da kusan ninki takwas. Mun yi shi a mataki biyu da sarƙar keke, ƙaramin sifoket mai haƙora 16 yana jan babba mai 44 a kowane mataki, abin da ya ba da ragin ninki 7.56. A kan sandar ƙarshe akwai hannun juyi biyu da ke kallon sashe daban-daban, kowane yana tura sandar hannu ɗaya ta hanyar sandar haɗi.

Tsawon sassan bai zo da ka ba. Ƙa'idar da Bajamushe Franz Grashof ya bayyana a 1883 ta ce a haɗin sanduna huɗu, ƙaramar za ta iya cikakken zagaye ne kawai idan jimillar mafi gajarta da mafi tsawo ba ta wuce jimillar sauran biyun ba. Namu hannun juyi milimita 80 ne, sandar haɗi 520, ƙasan sandar hannu 300, tazarar da ke tsakanin maƙallai biyun a jikin firam kuma 600. Jimillar 80 da 600 ta ba da 680, wadda ba ta kai 820, jimillar 520 da 300, ba, don haka yana zagayawa ba tare da ya cije ba. Sandar hannu tana lilo na kusan digiri 31, kuma da yake mariƙin yana milimita 900 sama da maƙalli, hannun mutum yana tafiyar kusan santimita 48. Da aka juya ganga da hannu, sandunan biyu sun yi ta kai da komo lami lafiya.

21 ga Disamba, 2024

Gwaji da mutane ya nuna iyakar wannan hanya tun a mintin farko. Kowane zuwa da dawowar sanda yana daidai da mita 1.42 na bel, wato injin ya yanke wa kowa tsawon taku santimita 71, ko ya so ko ya ƙi. Ɗalibin da ke taya ni aiki, wanda takunsa ya yi kusa da haka, ya hau ya yi tafiyarsa har yana cewa an gama. Wata yayata ta hau da zani a ɗaure, takunta bai wuce santimita 60 ba, ta fara daidai, hannun dama da ƙafar hagu, amma kafin ta cika taku shida ko bakwai sandar dama ta riga ta koma tafiya tare da ƙafar dama, kafaɗarta ta fara murɗawa, ta saki mariƙin ta kama ƙarfen gefe.

"Yaya, ki ɗan buɗe takun ko zai daidaita," na ce mata.

"Ai ba ni ke jan sa ba, shi ke ja na," ta ce, ta sauka.

Lissafi ya goyi bayanta. A kowane taku biyu tana cin kashi 84 cikin 100 ne na zagayen sandar, ragowar tana taruwa, bayan zagaye uku da ɗan kai kuwa ta kai rabin zagaye cif. Dogon mutum mai takun santimita 80 shi ma yana faɗawa cikin matsalar ta ɗaya ɓangaren bayan kamar taku takwas. Abin ya yi kama da lugude a turmi ɗaya idan ɗaya daga cikin masu dakan ta fi ɗayar sauri: ana farawa da karɓa-karɓa, a ƙare taɓare na haɗuwa. Canja sifoket ba magani ba ne, domin ko mutum ɗaya ba ya riƙe tsawon taku ɗaya. Yana gajarta shi in ya gaji, yana tsawaita shi in ya ƙara sauri, tufafin da ke jikinsa ma suna da ta cewa. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wato duk ƙarfin faifan nauyi yana bayan sandar, ta yadda idan mutum ya sunkuya za ta iya bugunsa a ƙirji ba tare da ta rage sauri ba. A ganina wannan kaɗai ya isa a ajiye hanyar, ko da takun kowa ya zo daidai.

11 ga Janairu, 2025

Hanya ta biyu ta juya alaƙar: hannu yana iya tura faifan nauyi, amma faifan ba ya iya tura hannu. An cire hannun juyi da sandunan haɗi, aka sa sandar juyi ta tsakiya mai ɗauke da firiwil ɗin keke biyu masu haƙora 16, wato sifoket ɗin tayar baya mai kamawa ta hanya ɗaya kawai, ɗaya na dama ɗaya na hagu. An ƙara tsawon ƙasan kowace sandar hannu zuwa milimita 450, aka ɗaura bakin sarƙa a can, sarƙar ta bi ta kan firiwil ɗinta. Da yake sarƙa ba ta lanƙwasa ta gefe, an haɗa wutsiyoyin biyun da wayar birkin babur wadda ta zagaya wata ƙaramar taya a kwance, saboda haka idan aka ja sandar dama, ta hagu tana komawa gaba da kanta. Irin wannan kama ta hanya ɗaya ce Pauls ya dogara da ita wajen isar da turin ƙafa ga faifan injinsa. Mu a ɓangaren hannu muka kai ta.

Wurin da ya ɗauki lokaci shi ne zaɓen saurin. Firiwil ba ya kamawa sai saurinsa ya cim ma na sandar da yake kai, in ba haka ba hannu zai yi ta lilo a banza. A jan santimita 48 sarƙar tana tafiyar milimita 240 cikin abin da ya ɗara rabin daƙiƙa kaɗan, wanda ke juya firiwil kusan sau 130 a minti, sifoket mai 44 da ke jan mai 16 a sandar ganga kuma ya ɗaga shi zuwa kusan 358, daidai da tafiyar kilomita 4 a sa'a. A ƙasa da wannan sauri hannu yana jin nauyi kusan daga farkon ja zuwa ƙarshe, a sama da shi kuma sai a tsakiyar jan, sai dai in mutum ya ƙara kuzari. Na bar shi haka da gangan, tunda yawancin waɗanda ake nufi ba za su wuce kilomita 4 ba.

Yayata ta sake hawa da irin shigar da ta yi a baya. Ba a ce mata komai a kan taku ba, hannunta ya bi ƙafarta, jan da take yi bai kai santimita 48 ba, injin kuma bai damu ba. Da ta saki mariƙin don ta gyara mayafi, sandunan suka tsaya cik a inda ta bar su, bel yana ci gaba da tafiya.

18 ga Janairu, 2025

Ƙurar hunturu ta nuna wata fa'idar gadon ganguna da ba ta cikin lissafin farko, domin gadon katako yana buƙatar man silikon a ƙarƙashin bel, mai kuwa a wannan yanayi tarkon ƙura ne. Boris ɗin duk masu murfin roba ne a gefe biyu. Sarƙa ce ke kama ƙura, don haka ana goge ta da tsumma a ɗiga mai kaɗan maimakon a cusa giris. Bel ya ɗan ja zuwa hagu a farkon mako, aka ƙara wa notin gangar baya na hagu kwata na juyi, ya dawo tsakiya.

8 ga Fabrairu, 2025

An sa birki iri biyu saboda aikinsu ya bambanta. Na farko faifan alminiyam ne mai kaurin milimita 5 a gefen faifan nauyi, da maganaɗisu da aka ciro daga tsofaffin ma'adanan kwamfuta a kan wani hannu da ake matsowa ko a nisantar. Juyawar alminiyam a gaban maganaɗisu tana haifar da lantarki a cikin faifan wanda ke ja da baya, ba tare da wani abu ya taɓa wani ba, don haka babu abin da zai cinye. Shi ne ke hana bel gudu fiye da ƙima kuma da shi ake ƙara wa hannu nauyi. Sai dai ƙarfinsa yana raguwa ne idan sauri ya ragu, ba ya iya riƙe bel a tsaye lokacin da dattijo yake hawa ko sauka. Don haka aka ƙara takalmin birkin keke mai kama bakin faifan nauyi, wanda sifirin ke riƙe da shi a kame, ba ya saki sai an matse wani ɗan hannu a jikin mariƙin dama. Wannan ya sauya abin da aka gani a watan jiya: yanzu duk wanda ya saki mariƙin dama, bel zai tsaya. Za a sassauta sifirin ɗin kaɗan domin tsayawar ta zo a hankali, kada ta tunkuɗa mutum gaba.

An rufe dukkan sarƙoƙi da faifan da murfin kwano, an kuma toshe ratar da ke tsakanin bel da firam a baya, saboda bakin zani, jallabiya ko yatsan yaro ba sa buƙatar rata mai yawa kafin su shige.

Abubuwa biyu suka rage a ɓangaren hannu. Firiwil ɗin keke yana da ɗan wasa kafin haƙoransa su kama, wanda ake ji a matsayin ƙwas a farkon kowane ja, kuma wani dattijo mai ciwon kafaɗa da ya gwada ya ce yana jin sa har cikin gaɓa. Na yi odar boris mai juyi ta hanya ɗaya, lamba CSK20, wanda ke kamawa kusan nan take, raminsa kuma milimita 20 ne daidai da sandarmu. Zai buƙaci a fiƙe masa gida a jikin sifoket. Na biyu, waya tana ja ne amma ba ta turawa, saboda haka a yanzu tsokar baya da ta gaban dantse ne ke aiki, ƙirji da bayan dantse suna hutawa. Zanen da na ba maiwalda ya maye gurbin wayar da sandar ƙarfe mai maƙalli a tsakiya, wadda za a haɗa bakinta biyu da sandunan hannu ta kan tayarod na ƙaramar mota, wato gaɓar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ta yadda tura sandar hagu zai ja ta dama. Ya ce zai fara yankan ƙarfen a mako mai zuwa, kuma muna son a gama gwajin wannan haɗi kafin azumi ya kama.